Manhajar da Baba Ya Zaɓa

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan La'asar

Kwana biyu ke nan ina Mafara. Ranar Talata na baro Maradun daga ni sai kayan jikina, sai a cikin mota na lura takalman da na zura ba iri ɗaya ba ne. Jiya maigidana, Abban Taiba, ya biyo ni da kayan sawa da kwamfutata. Ya ce in zauna iya yadda hali ya yi, Taiba tana wurin kakarta, shi zai je ya yi wa shugabar makarantarmu bayani. Allah Ya saka masa da alheri.

Baba ya buɗe ido a gadon asibiti. Ya gane Inna, ya gane ni, amma magana ta ɗauke. Likita ya ce mu gode wa Allah da shanyewar ɓarin jikin ta same shi ranar kasuwa, akwai mutane a bakin shago, aka kawo shi da wuri. Mun gode.

Sauran abin da likita ya faɗa ba yau zan rubuta shi ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, da safe

Ya sha kunu cokali shida. Ni na ba shi. Alhamdu lillahi.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

An sallamo mu. Tun hantsi gida cike yake da masu dubiya, kafintoci abokan sana'arsa, maƙwabta, liman, har da mutanen da Baba ya yi wa gado ko kabad tun ina goye. Kowa ya ce, "Malam Yari, ya jiki? Allah Shi ƙara sauƙi," Inna ce ke amsawa. Shi kallonsu kawai yake yi. Da aka watse ya nemi juya fuskarsa bango. Sai da na taimaka masa ya juya.

Baba Gambo, wanda ya shekara ashirin da uku yana aiki a shagon Baba, ya jira har kowa ya fita, sannan ya sa aka kira ni zaure.

"Ummu Hani, akwai maganar da nika son hwaɗa miki, amma ba ni son Malam shi ji."

Na ce ina saurare.

"Aikin Hajiya Nagode na Bakura. Ɗanta ya gina mata gida, anka ba mu kicin da kabad ɗin banɗaki. Katako na nan shago, har mun yanke wasu. Ranar Juma'a takwas ga watan gobe za a yi walimar shiga gida."

Na ce, "To, Baba Gambo, ai sai ku ci gaba."

Ya ce, "Da mi zan ci gaba? Malam bai taɓa ba ni zane ba. Shi ka cewa yanke nan, in yanke. Abin duk cikin kansa yake."

Ya zaro wani guntun filawud daga gaban rigarsa, bai fi tafin hannu biyu ba. Lambobi ne da fensir, rubutun Baba, wasu a tsaye wasu a karkace, babu sunan komai a jikinsu. Awon aikin ke nan gaba ɗaya.

Ni kwamfuta nake koyarwa a makarantar 'yan mata. Zanen da na koya a poli na gini ne, shi ma na 'yan watanni. Amma na karɓi guntun katakon na ce ya ba ni kwana biyu. Ban san me ya sa na faɗi haka ba.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Mako guda cif. Ina jin hayaniyar kasuwa daga ɗaki. Ban fita ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan La'asar

Na kira Mustapha, ƙanen Abban Taiba, wanda ke aikin zanen gidaje a Sakkwato. Da ya gama tambayar jikin Baba na gaya masa abin da nake nema.

"Ikon Allah! Matarmu ta koma kafinta?"

Na ce ba wasa na kira ba. Ya ce ya sani, so yake ya ji ko har yanzu ina iya yin fushi.

Ya ce akwai manhajojin da aka yi musamman don kicin da banɗaki da kabad. Ka zuba awon ɗakin, ka jera kabad ɗin, ka gan su a tsaye kamar an gama, tun ba a taɓa zarto ba. Abin da nake tunani ke nan tun jiya. Baba yana ji, yana ganewa, na tabbata da wannan. In na zana na nuna masa, ko da ido zai ce mini e ko a'a.

Mustapha ya turo mini sunayen guda uku. Na ce wacce ta fi? Ya ce shi bai san ƙarfin kwamfutata ba, bai san sabis ɗin Mafara ba, in gwada da kaina. Ta ukun ma ya ce kada in ɓata data, zai sa mini ita a filas ya ba direban mota gobe.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan Magariba

Ta farko kyakkyawa ce, ba ƙarya. Cikin awa biyu na yi kicin mai sheƙi, har da fitilu da kwandon lemo a kan kanta. Na kai wa Inna ina jin daɗi. Ta ƙura masa ido, ta ce, "Wanga ɗaki na girki ne ko na kallo? Ina za a aje turmi? Buhun gero hwa?"

Na duba. Babu inda za a aje turmi. Kabad ɗin da ke cikinta duk shiryayyu ne, na ƙasashen da aka yi ta dominsu. Za ka canza launi yadda ka so, amma girma sai ɗan kaɗan take yarda. Na banɗakin ma a ƙasa suke zaune daram, kamar ba a wanka da bokiti ruwa ya malale ko'ina.

Kuma sai da intanet take aiki. Ana kiran La'asar sabis ya ɗauke, rabin aikina ya tafi da shi.

Na nuna wa Baba abin da ya rage. Ya kalla, ya rufe ido. Ban san ko barci ba ne.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan an sauko

An yi masa addu'a a masallaci. Mutane da yawa sun biyo ta gida. Na gode musu, amma na gaji da cewa da sauƙi.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Ta biyun ta manyan kamfanoni ce. Kwana ɗaya da wuni ta ɗauka tana sauka. Da na buɗe ta kwamfutata ta ɗau zafi tana gurnani kamar injin niƙa, in na taɓa abu sai na je na sha ruwa na dawo kafin ya motsa. Maɓallan da ke jikinta sun fi ɗari. Na yarda tana iya komai, amma ni ba ni da wata uku na koyonta. Na goge ta.

Filas ɗin Mustapha ya iso. Maƙwabcinmu ya karɓo mini a tasha, ya ƙi yarda in je da kaina.

Ta ukun ba ta da kyan gani ko kaɗan. Layuka ne da akwatuna masu ruwan toka, kamar zanen 'yan firamare. Sai dai ba ta neman sabis, tana karɓar inci, kuma da inci Baba ke awo. Duk lambar da na rubuta mata sai ta bi. Na danna wani wuri ta fito mini da jerin yanka: kowane gefe, kowane murfi, tsawonsa da faɗinsa, da yadda za a fitar da su daga fallen katako ɗaya ba tare da ɓarna ba. Wannan na san zai yi wa Baba Gambo amfani.

Amma raina yana kan ta farko. Ina ganin kamar kyawun ne zai ja hankalin Baba.

An fara yi wa Baba gashin ƙashi. Bai so.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Azahar

Ni da Baba Gambo mun zauna a shago da guntun filawud. Ya gane tsawon bango, ya gane taga, ya gane wurin famfo. Lamba ɗaya ce ta gagare mu: 22, an zagaye ta sau biyu, kusa da inda murhu zai zauna. Tsayin kantar kicin inci talatin da shida ne, haka manhajojin duka suka sa, haka Baba Gambo ya ce suna yi kullum. Na ce wataƙila faɗin wani abu ne. Ya ce wataƙila. Na sa talatin da shida na wuce.

Na daɗe ban shiga shagon ba. Hular Baba tana nan a jikin ƙusa inda ya rataye ta.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan La'asar

Dole in rubuta wannan yanzu.

Na jingina Baba da filo, na ɗora kwamfuta a kan tire a gabansa. Na fara buɗe kyakkyawar, sabis ya yi mana kirki yau. Na ce, "Baba, kicin ɗin Hajiya Nagode ne." Ban zaci zai kula ba. Sai na ga idonsa ya tsaya wuri ɗaya, ya haɗe gira. Ya ɗaga hannun hagu ya dangwali gilashin da ƙarfi, daidai wurin murhu. Na ce launin ne? Ya sake dangwala. Na ce a matsar da shi? Sai ya kai wa kwanon kunu duka, ya tuntsure a tabarma.

"A'a!"

Inna ta shigo da gudu da ludayi a hannu. Muka tsaya muna kallonsa. Kwana goma sha huɗu ba mu ji muryarsa ba.

Ya yi ta nuna ƙasa da yatsa, ƙasa, ƙasa. Sai lambar nan ta faɗo mini a rai. Na yi ƙoƙarin rage tsayin kantar, manhajar ta sauko inci biyu ta tsaya, ta ƙi wucewa. Baba ya tura murfin kwamfutar zai rufe. Na ce, "Tsaya, Baba, tsaya, akwai wata." Na buɗe mai ruwan toka. Na rubuta talatin, ya girgiza kai. Ashirin da shida, ya girgiza kai. Na rubuta ashirin da biyu. Kantar ta sauka a gaban idonsa.

Ya saki wani dogon numfashi, ya gyaɗa kai.

Mun fi awa guda. Yana nunawa, ina gyarawa. Ya sa na buɗe wani lungu ba murfi, na ce turmi? Ya gyaɗa. Ya sa na ɗaga kabad ɗin banɗaki daga ƙasa, na maƙala shi a bango. Sau biyu ya harare ni don ban gane da wuri ba, irin hararar da yake mini ina ƙarama in na taɓa masa tef ɗin awo.

Inna tana share kunun tana kuka tana cewa, "Shi yi ta hwaɗa, shi fasa kwanonin duka."

Magana ta ƙare. Mai ruwan toka za mu yi aiki da ita. Ba ni na zaɓa ba.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ya ci tuwo da hannunsa na hagu. Rabi a baki, rabi a riga. Ya hana a taimaka masa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan Magariba

Mun je Bakura ni da Baba Gambo don mu sake awo mu tabbatar. Da wuri muka fita saboda mu dawo da ido, kowa ya san ba a son yamma a hanya.

Hajiya Nagode dattijuwa ce gajera, da sanda take tafiya. Mun daɗe muna gaisawa, ta tambayi Inna, ta tambayi gidana, ta tambayi Maradun da damina, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ya Malam?" Na ce da sauƙi. Yau da gaske na faɗa.

Na nuna mata zanen. Da ta ga kantar nan gajera sai ta rufe baki da mayafi. Ta ce ranar da Baba ya zo awo, a zaune ya same ta tana yanka kuɓewa, don gwiwoyinta ba su bari ta yi tsayuwar minti goma. Ba ta ce masa komai ba. Sai gani ta yi ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa cinyarta, yana kawar da kai, ya rubuta. Ita ta ɗauka ma ya manta.

Ta ce ɗanta ya yi waya daga Gusau, ya ce tunda abu ya zama haka zai turo wasu masu aikin.

"Nic ce mishi a'a. In ba a ƙare ba, a yi walima da murhu tsakar gida, da can ina munka yi girki? Malam Yari nib bai wa aikina, ɗiyata, ba ni karɓewa don ya kwanta."

Ta ɗaure mana gyaɗa da busasshen kifi, ta ce a yi wa Malam miya.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan La'asar

Na buga jerin yankan a takarda na kai shago. Baba Gambo ya sa tabarau ya bi shi layi-layi da farcensa. An fara yanka. Ana jin ƙarar injin daga gida in iska ta juyo. Na lura Baba yana saurare.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan Azahar

An samu matsala. Durowoyi shida da aka haɗa sun ƙi zama, kowacce tana lilo a gidanta. Falle biyu sun tafi a banza. Baba Gambo ya ce awon takardar ne bai yi ba. Na gaji, ban karya ba, ga kewar Taiba. Na ce masa, "Kwamfuta ba ta kuskure, Baba Gambo, a dai duba yankan." A gaban mai kawo katako na faɗa.

Ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Shago a rufe. Wayar Baba Gambo ba ta shiga.

Laraba, 23 ga Oktoba, da hantsi

Yau ma bai zo ba.

Na karɓi makulli wurin Inna na je na ɗauki tef na auna kaurin katakon da kaina. Manhajar tana lissafi da kaurin da aka sa mata tun asali. Katakon da ke shagonmu bai kai haka ba, ya gaza da ɗan kaɗan, abin da ido ba zai gani ba. A wuri ɗaya ba komai ba ne, amma in ya taru hagu da dama sai durowa ta yi lilo. Akwai gurbin da ake rubuta kauri. Na gan shi tun ranar farko, na tsallake.

Baba Gambo, mutumin da ya goya ni ya kai ni makarantar allo. Shi na ce wa a duba yankan.

Baba ya nuna ƙofa da haɓa yana tambaya, don bai ji injin ba. Na ce babu wuta. Ya daɗe yana kallona.

Alhamis, 24 ga Oktoba, bayan La'asar

Wajen Azahar na ji ana sallama da ƙarar amalanke a ƙofar gida. Na leƙa. Damman gero ne jibge, Baba Gambo a gefe, ƙaiƙayi har cikin gemunsa. Gonar Baba ya je. Ya ce tun makon jiya geron ya isa yanka, tsuntsaye sun fara, ya ga ba wanda ya tuna da ita. Ya kwashi 'yan'uwansa biyu suka yi kwana biyu a can. Ni kam wallahi na manta Baba yana da gona.

Na durƙusa a zaure na ce ya yafe mini, laifin nawa ne, na gaya masa zancen kaurin.

Ya ce, "Na sani tun ranar. Katakon kasuwag ga bai cika kauri ba. Malam ya sani, ni na sani. Ita kwamfutar ba a hwaɗa mata ba, ke kuma ba ki tambaye ni ba."

Na ce daga yau zan riƙa tambaya.

"To tashi, ki nuna mini inda aka rubuta shi. Ni ma ina son in gani da idona."

Ya zauna a benci ya rubuta lambar da yatsa ɗaya. Jerin duka ya sauya da kansa. Ya ce, "A'uzu billahi," ya ja baya, sannan ya matso ya ce in sake ya gani.

Asabar, 26 ga Oktoba, da safe

Durowoyin sun zauna. Ana turawa da ɗan yatsa suna shigewa.

Litinin, 28 ga Oktoba, bayan Azahar

Mun koma asibiti. Ƙafa tana dawowa, ya taka uku da sanda. Likita ya ɗaga hannun daman ya sake shi, ya sake ɗagawa ya sake shi. Ya kira ni waje.

A hanyar dawowa Baba bai dubi kowa ba. Na kawo masa kwamfuta, ya kawar da kai.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma

Yau ma ya ƙi.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan La'asar

Baba Gambo ya zo da murfin kabad guda a hammata, ya shiga har ɗaki, ya ɗora masa a cinya. Ya ce, "Malam, ni dai ban gamsu da bakin wanga ba, amma ban gane abin da ya rage ba." Na san ƙarya yake yi, murfin lafiyarsa ƙalau. Baba ya ƙyale shi. Baba Gambo ya zauna ya yi ta labarin gero. Can sai na ga hannun hagun Baba yana bin bakin murfin a hankali, daga sama har ƙasa. Ya tsaya a wata kusurwa ya ƙwanƙwasa. Baba Gambo ya shafa wurin, ya ɗago ya dube ni. Ashe da gaske akwai kaushi.

Bayan ya tafi Baba ya nuna kwamfuta da kansa. Mun gama banɗaki.

Allah, na gode maka da mutanen da Ka kewaye mu da su.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Abban Taiba ya kawo mini Taiba ta wuni. Ta hau gadon Baba tana ba shi labarin akuyarsu, ba ta damu ko ya amsa ba. Ya yi dariya da gefen bakinsa ɗaya.

Na yi wa Abban Taiba zancen da ke raina, cewa in na koma ina so in bar kwamfutar a nan. Ya ce dama ya san ba za ta dawo ba, in riƙa amfani da tasa.

Kullum bayan Azahar yanzu Baba Gambo yana zama awa guda ina koya masa. Yana kiran manhajar Malama. In ta ƙi abu sai ya ce Malama ta yi fushi.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan Magariba

Ranar kafawa. Inna ta ce Baba ba zai je ba, hanya da nisa. Da aka gama loda kaya a mota sai muka same shi a bakin gado, ya jawo takalminsa da sanda. Aka sa shi gaba.

Hajiya ta sa an aje masa kujera a tsakiyar kicin. Komai yana shiga gurbinsa har aka zo na ƙarshe, na kusurwa. Ƙasansa ya haɗu da bango, samansa ya bar tazara, hannu zai shige. Bangon ne ba a miƙe yake ba. A zanena kowane bango a miƙe yake. Na buɗe kwamfuta ina neman abin yi, gumi yana keto mini. Babu abin da za ta ce.

Sai muka ji daga bayanmu, a rarrabe, da ƙyar: "Gam… bo."

Baba Gambo ya saki guduma. Baba ya nuna wani siririn ragowar katako a ƙasa, ya nuna tazarar, ya karkata tafin hannunsa, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Baba Gambo ya ce, "Na gane, Malam, na gane." Ya fere katakon a karkace ya cusa. Ya zauna kamar da shi aka gina bangon.

Hajiya ta jawo 'yar kujerarta gaban gajeriyar kantar, ta zauna, ta sa aka miƙo mata albasa da wuƙa. Ta yanka guda a nan take don ta gwada. Ta ce, "Malam Yari, Allah Shi biya ka." Ya sunkuyar da kai.

Mun iso gida kafin La'asar ta yi sanyi. Ya yi barci a mota.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan Azahar

Jiya an yi walima, an aiko mana da abinci kula uku. Mata biyu a Bakura sun karɓi lambar shago.

Gobe zan koma Maradun. Kafin in tafi bari in rubuta abin da na yi ta kewayewa. Likita ya ce hannun daman ba zai dawo ba. Baba ba zai sake riƙe zarto ba. Magana za ta ƙaru kaɗan-kaɗan, amma ba kamar da ba.

Na rubuta. Na zauna ina kallonsa a takarda. Bai kai yadda nake tsoronsa ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, Maradun, bayan La'asar

Da safe na shirya na shiga ɗakin Baba in yi sallama, ban same shi ba. Inna ta ce tun bayan karin kumallo ya matsa sai da Baba Gambo ya zo ya ɗauke shi a babur.

Na biya ta shago da jakata. Yana zaune a kujera bakin ƙofa, kwamfuta a kan benci, Baba Gambo yana dannawa da yatsa ɗaya. Ga wani mutum daga Faru a tsaye, yana bayanin kabad ɗin littattafai da yake so a yi wa mahaifinsa, malami ne, littattafan sun yi yawa gara tana ci. Baba yana saurarensa, idonsa a kan zanen, yana nuna a ƙara kanta ɗaya a sama.

Na durƙusa na ce, "Baba, zan koma."

Bai waiwayo ba. Ya ɗaga mini hannun hagu, ya kaɗa sau biyu, irin na je ki, ina da mutane. Ya ci gaba da nuna wa Baba Gambo abin da yake nunawa.

Na yi ta kuka a mota har muka bar gari. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta dafa ni ta ce, "Ɗiyata, rasuwa anka yi?"

Na ce mata a'a, Inna, sauƙi aka samu.